Allon yumɓu da ɗakin da aka tsince shi: fashin baƙi kan tonon gidajen tsohuwar Iraƙi

A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani ɗan allon yumɓu da bai wuce tafin hannu ba, amma a intanet ya fi sarakunan zamaninsa suna. Wasiƙa ce da wani mutum mai suna Nanni ya aika wa wani ɗan kasuwa, Ea-nasir, a birnin Ur, wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An yi da shi za a ba shi jan ƙarfe mai kyau. Da ɗan aikensa ya je, sai aka zube masa na banza, aka ce in zai ɗauka ya ɗauka, in ba zai ɗauka ba ya kama gabansa. Nanni ya fusata, ya ce an sa yaronsa ya ratso ƙasar abokan gaba hannu rabbana, kuma daga yau sai an kawo kaya tsakar gidansa ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya.

Masu yaɗa labarin dariya suke yi, wai ashe ha'incin ɗan kasuwa ba yau ya fara ba. To amma abin da ya sa masana suke iya cewa wani abu a kan Ea-nasir ba wannan wasiƙa ba ce ita kaɗai. A kangon gida guda aka same ta, tare da wasiƙun wasu mutanen da su ma suke bin sa jan ƙarfe, da allunan lissafi da ke nuna yana fatauci zuwa Dilmun, wato Bahrain ta yau. Da a hannun dillalin kayan tarihi aka sayi allon, iyakar abin da za a sani shi ne wani ya taɓa jin haushin wani. Gidan ne ya mayar da shi shaida.

Kudancin Iraƙi ƙasa ce da kogunan Dijla da Furat suka shimfiɗa da laka. Babu dutsen gini, babu ma'adinai, itacen kirki ma sai an sayo daga nesa. Laka da karan fadama su ne arzikin da ke ƙarƙashin ƙafar kowa. Da laka suke yin tubali, da tukunya, da randa, da tanderu, da magudanar ruwa, da akwatin gawa. A zamanin da ya gabaci birane har lauje suna ƙerawa da yumɓu, su gasa shi da wuta mai tsanani ya yi tauri. Wajen shekara ta 3200 kafin miladiyya kuma, a birnin Uruk, aka fara rubutu a kanta: a fere kara, a riƙa danna bakinsa a jikin ɗanyen yumɓu, yana barin alamu masu kama da ƙananan ƙusoshi. Yawancin allunan a rana kawai ake shanya su. Gobara ce ke gasa su, shi ya sa ranar da gari ya ƙone ita ce ranar da rubutunsa ya tsira, kamar yadda ya faru da ɗakin karatun sarki Ashurbanipal da aka cinna wa Ninawa wuta a 612 kafin miladiyya.

Nan wahalar farko take. Tabarma ta ruɓe, tufafi da fata da kwando da ƙyaure duk sun tafi, masu gida kuma sun gudu da azurfa da tagulla. Mai tono yana shiga gida ne bayan shekaru dubbai sun kwashe komai sun bar masa yumɓu kaɗai.

Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwa a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san halin ginin ƙasa. In aka bar shi damina biyu uku ba yaɓe, kan katanga zai fara zaizayewa, azara ta karye, soro ya rufta. Mai gida kuwa ba ya kwashe ƙasar ya kai bayan gari. Baje ta yake yi, ya daddaɓe, ya ɗora sabon gini a kai. Haka mutanen Mesofotamiya, wato tsohuwar Iraƙi, suka yi ta yi, gida a kan gida, har garuruwansu suka zama tuddai a tsakiyar fili shimfiɗaɗɗe. Matsalar mai tono ita ce bangon ɗanyen tubali da ƙasar da ta rufto daga jikinsa abu ɗaya ne, launi ɗaya. Turawan farko, Botta a Khorsabad a 1843 da Layard a Nimrud a 1845, sun sami sauƙi domin fadodin Assuriyawa an jera musu sassaƙaƙƙun duwatsu a jikin bango, sai bin dutse kawai. A kudu babu wannan. Faransawan da suka fara tono a Tello daga 1877 sun yi ta fasa bangaye ba su san bango ba ne, suna neman mutum-mutumi da alluna.

Jamusawa ne suka gyara wannan. Robert Koldewey, wanda asalinsa mai zanen gini ne, ya fara aiki a Babila a 1899, almajirinsa Walter Andrae kuma ya yi tono a Ashur daga 1903 zuwa 1914. Su suka nace a kan sai an bi fuskar bango tubali bayan tubali. Amma hannun da ya iya aikin na mutanen garin Sharƙat ne, maƙwabtan kufan Ashur. Da ɗan ƙaramin tsinken ƙarfe suke ƙwanƙwasa ƙasa, su gane bango daga taurinsa da yadda ɓaraguzai ke ɓallewa daga jikin yaɓe. Sana'ar ta zama gado a gidajensu, 'ya'ya da jikoki suka yi ta yin ta a wuraren tono a faɗin Iraƙi. Taswirar gidaje da yawa da ake gani a littattafai ta bi ta hannunsu, ko da yake sunan Bature ne a bangon littafin.

Wanda ya buɗe unguwa sukutum har mutum ya iya yawo a lungunanta shi ne Leonard Woolley, wanda ya yi tono a Ur, kusa da Nasiriyya, daga 1922 zuwa 1934, da kuɗin gidan tarihin Birtaniya da na Jami'ar Pennsylvania. Duniya ta san shi da zinaren kaburburan sarakuna. A ganina aikinsa da ya fi amfani shi ne unguwanni biyu da ya tone a 1926 zuwa 1927 da kuma 1930 zuwa 1931, na mutanen da suka rayu a zamanin Hammurabi sarkin Babila da 'yan shekarun da suka gabace shi.

Lungunan matsattsu ne, karkatattu, an goge kusurwoyin gini don kada jaki mai kaya ya karce su. Bango ba taga ta waje. Ƙofa tana kai mutum wani ɗan zaure, daga nan sai tsakar gida da aka shimfiɗe da gasasshen tubali, an ɗan karkata shi zuwa tsakiya inda rariya take. Ƙarƙashin rariyar kuwa zobban yumɓu ne aka jera, wani a kan wani, suka nutsa cikin ƙasa, an cika gefensu da tsingaro don ruwa ya tsiyaye. Gindin bango gasasshen tubali ne saboda danshi, sama kuma ɗanye. Akwai madafa da murhu da dutsen niƙa, akwai dogon ɗakin baƙi, akwai matakala, sau da yawa da makewayi a ƙarƙashinta. Da yake shara a lungu ake zubarwa, hanya tana ta tashi shekara bayan shekara, sai masu gida su ɗaga dokin ƙofa, har ya zama sai an sauka taki biyu uku kafin a shiga gida.

A can ƙuryar gidajen masu hali akwai ɗakin bauta, da dakalin ajiye hadaya da gurbin ƙona turare. Ƙarƙashin daɓensa kuma kabari ne na iyali, ginin tubali, ana buɗe shi duk lokacin da aka yi rashi. Jarirai a cikin tukwane ake binne su kusa da wurin. Magajin gida shi ke da alhakin ajiye wa matattu abinci, ya zuba musu ruwa, ya ambaci sunayensu. Wanda ya san wannan zai gane abin da ya sa sayar da gidan gado a Ur ba ƙaramin al'amari ba ne: iyayen mutum suna ƙarƙashin daɓe.

Woolley mutum ne mai iya ba da labari, kuma nan ya kamata a yi hattara da shi. Ya raɗa wa lungunan sunayen titunan Ingila, har yau da su masana ke kiran su, shi ya sa gidan Ea-nasir yake da adireshi irin na Landan. Ya zana gidajen da bene da barandar katako kewaye da tsakar gida, yana kallon gidajen Bagadaza na zamaninsa, alhali masana da yawa daga baya suna ganin matakalar a gidaje da dama rufi kawai take kaiwa, inda ake kwana lokacin zafi. Ya kuma riƙa danganta unguwar da Annabi Ibrahim (AS), abin da ya jawo hankalin masu ba da tallafi. Ginin da ake nuna wa baƙi a yau a matsayin gidansa, wanda aka yi taro kusa da shi lokacin da Fafaroma Francis ya ziyarci Ur a watan Maris na 2021, an tayar da shi ne a ƙarshen shekarun 1990, zamanin Saddam Hussein, a kan harsashin waɗannan gidaje. Babu allon da aka tono a wurin da ke ɗauke da sunansa.

Babbar tambayar da mai tono yake yi wa kowane abu ita ce: a kan daɓe yake kwance, ko a cikin cikon ƙasa? Abin da ke kan daɓe, ƙarƙashin toka da rufin da ya rufto, yana nan inda masu gida suka bar shi ranar ƙarshe. Abin da ke cikin ciko kuwa ana iya kwaso shi daga jujin wata unguwa don a ɗaga daɓe. A ido bambancin bai fi 'yan yatsu ba, amma yana iya juya labari gaba ɗaya.

Unguwannin Ur sun mutu ne wajen 1740 kafin miladiyya, lokacin da biranen kudu suka yi wa Samsu-iluna ɗan Hammurabi tawaye, ya murƙushe su. An san haka domin allunan bashi da ciniki suna ɗauke da kwanan wata, kuma a gidajen nan lissafin ya tsaya cak jim kaɗan bayan shekararsa ta 10 a kan gado. A wani gida Woolley ya sami alluna kusan 2,000, da yawansu na koyon rubutu, sai ya ce ga makaranta, har da sunan malaminta. A shekarun 1980 wani masani Bafaranshe, Dominique Charpin, ya koma kan allunan da bayanan tonon, ya nuna cewa tarkace ne gauraye, har da tsofaffin lissafin hukuma da ba su da alaƙa da mai gidan, kuma alama ta fi nuna an kwaso su ne aka yi ciko da su.

Sai ga wani gida a Nippur da ya zo da akasin haka. Amurkawa daga Chicago da Pennsylvania suka tone shi a 1951 zuwa 1952, suka kira shi Gida F. Ƙaramin gida ne, wajen murabba'in mita 45, amma an fitar da alluna da gutsattsarinsu sama da 1,400. Su ma ba a kan daɓe suke ba, an yi gini da su ne: a cikin daɓe, a cikin dakali, a jikin bango. To me ya sa wannan aka yarda makaranta ce? Saboda kusan dukkansu aikin ɗalibai ne iri ɗaya, gutsuren da aka samu a wannan ɗaki yana haɗuwa da na wancan, sannan ga akwatunan tubali a cikin gidan, ɗauke da yumɓu da murƙusassun alluna, inda yaro ke jefa aikin jiya a jiƙa a sake murza sabo. Daga wannan tarkace masaniya Eleanor Robson ta jero yadda karatun yake tafiya: danna kara, alamomi, jerin sunayen mutane, jerin itatuwa da kayan katako, jadawalin ninkawa, karin magana, kwafin yarjejeniya, sannan waƙoƙin Sumeriyanci, harshen da a lokacin ba mai magana da shi a gida. A wasu allunan ana ganin hannun malami a hagu, tsaf-tsaf, a dama kuma wurin ya lotsa saboda yawan gogewa da sake rubutawa. Ɗaliban ba za su wuce 'yan ƙalilan a lokaci guda ba, don gidan ba zai ɗauka ba.

Gidan da ya fi kusa da abin da mai tono ke mafarki shi ne na Ur-Utu, shugaban masu waƙar makoki na haikalin allahiya Annunitum a Sippar-Amnanum, inda ake kira Tell ed-Der a yau. 'Yan Beljiyam suka tone shi a shekarun 1970. Gobara ta cinye shi wajen 1629 kafin miladiyya, da alluna kusan 2,000 a ciki. Yadda suka zube ya nuna an yi ƙoƙarin tsere da mafi muhimmanci, wasu suka faɗi a hanyar fita. Mafi muhimmancin kuwa shaidun mallakar gonaki da filaye ne, wasu sun girmi mai gidan da fiye da shekara 200, domin a al'adarsu in ka sayi fili, tsofaffin allunan duk waɗanda suka taɓa mallakarsa za a haɗa maka.

Inda aikin ya fi daɗi shi ne in rubutu da bango suka haɗu. A Nippur, masaniya Elizabeth Stone ta ɗauki allunan rabon gado da na saye da sayarwa na wani gida da 'yan'uwa huɗu suka gada, ta auna su da ɗakunan da aka tono. Ma'aunin gida a lokacin shi ne sar, wajen murabba'in mita 36. Ta bi yadda aka yanka gidan, wane ya sayar wa wane, ta ga ƙofar da aka toshe da wadda aka fasa sun dace da abin da allunan suka faɗa. A irin waɗannan takardun gado har ƙyaure ana lissafawa daban, saboda tsadar katako, kuma ɗan haya kan zo da nasa ya tafi da shi. Wannan ya sa nake ɗari-ɗari da ƙarshen labarin Ea-nasir da ake yawan bayarwa. Woolley ya ga an yanke wani sashe na gidansa an haɗe da na maƙwabci, ya ce karayar arziki ce. Mai yiwuwa ne. Amma toshe ƙofa a irin wannan unguwa abu ne na yau da kullum, gado na kawo shi, aure na kawo shi. Mutane sun riƙe fassarar Woolley ne don suna son su ji maha'inci ya ga sakayya.

Yumɓun da ba rubutu a jikinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ya fi wuyar sha'ani. Akwai curin laka da ake manna wa igiyar ƙofar rumbu ko bakin tulu a murza hatimi a kai. Mai nazari yana juya bayansa ne: in ya ga sawun turke da igiya, ƙofa aka rufe, ke nan mai hatimin a gidan yake, in kuma sawun buhu ko kwando ne, kayan na iya zuwa daga wani gari. Akwai ƙananan faifan yumɓu da ake bugawa da yawa daga mazubi ɗaya, masu hoton alloli, da mace mai shayarwa, da makaɗa, da 'yan kokawa, ga kuma 'yan gadaje da kekunan doki da jiragen ruwa. Na wasan yara ne ko na tsafi? Yawancinsu a karye ake samun su cikin shara, don haka muhawarar ba ta ƙare ba. Waɗanda ba a shakka a kansu su ne waɗanda aka binne da gangan. A Ashur, a gidan wani mai ruƙiyya irin ta zamaninsu, Kisir-Ashur, na ƙarni na 7 kafin miladiyya, an sami 'yan mutum-mutumin tsari a cikin akwatunan tubali ƙarƙashin daɓe, an kuma sami allunan da ke bayanin yadda ake ƙera irinsu da inda ake binne su. A fadar Ninawa an tono 'yan karnukan yumɓu biyar, kowanne da sunansa a jiki, ɗaya sunansa na nufin kada ka tsaya tunani, kai cizo.

Duk da haka, gidajen nan na masu hali ne: 'yan kasuwa, ma'aikatan haikali, marubuta. Talakan da ke bukkar kara a bakin fadama bai bar bango ba, bawa kuma sunansa kawai ake gani a jerin kayan gado. Masu tonon baya-bayan nan suna ƙoƙarin cike wannan giɓi da abin da Woolley ke zubarwa. A Abu Salabikh, inda Nicholas Postgate ya yi aiki daga 1975 zuwa 1989, an riƙa kankare saman tudu kaɗan kawai, taswirar unguwa ta fito ba tare da an haƙa ba, aka kuma yanki daɓe aka duba shi a madubin ƙara girma don a gane inda aka yi girki, inda aka shimfiɗa tabarma, inda aka ɗaure dabba. Da aka koma Ur daga 2015, ana tankaɗe ƙasa ana tsintar ƙayar kifi da ƙwallon dabino da ƙwayar sha'ir. Tawagar Adelheid Otto daga Munich ta buɗe gidan wani jami'in haikali mai suna Sin-nada, a cikin shararsa aka sami wasiƙun da ya aiko wa matarsa Nuttuptum, da alamun cewa ita ma tana gudanar da harkoki da kanta.

Shi kuwa abin da aka tono tun farko, rarraba shi aka yi. Dokar kayan tarihi ta 1924 da Baturiyar Ingila Gertrude Bell ta tsara ta ba Iraƙi kaso, sauran aka raba tsakanin Landan da Filadelfiya, har ya zama wasiƙun gida ɗaya suna nahiyoyi uku, sai a 'yan shekarun nan ake haɗa su a kwamfuta da katunan bayanan Woolley. Wannan ma da sauƙi, tunda akwai katin. Bayan yaƙin 1991, musamman bayan mamayar 2003, masu haƙar sata sun rarake tuddai irin su Umma da Isin har suka koma ramuka jere-jere, ba wanda ya rubuta daɓe ko ciko. Kamfanin Hobby Lobby na Amurka ya sayi irin waɗannan kaya sama da 5,500 a 2010, aka ci shi tarar dala miliyan 3 a 2017, aka mayar wa Iraƙi wajen 3,800 a 2018. A cikinsu akwai alluna daga wani birni mai suna Irisagrig. An karanta allunansa sama da 1,000 da suka bi ta kasuwa, an san sunayen jami'ansa, an san abincin da ake ba 'yan aiken sarki in sun sauka a can, amma har yanzu ba a tabbatar da tudun da birnin yake ba. Abin da masana suka koma yi shi ne lissafi daga wasu allunan Umma da suka ce kwana 4 ake yi ana jan jirgin ruwa zuwa can, su auna tafiyar kwana 4 a kan tsohuwar hanyar kogi, sannan su duba hotunan tauraron ɗan'adam su ga wane tudu ne a wannan tazara aka fi rarakewa.